Robar Bakin Aku

A layinmu babu gidan da ake yabo kamar wanda ke kallon nawa. Manya huɗu ne a ciki da yarinya ɗaya, amma kana iya wuni a bakin ƙofarsu ba ka ji motsin yaro ba. Mata in sun wuce sai su ce, "Mutanen nan sun iya tarbiyya." Ni da nake zaune a kan benci ina kallon ƙofar tun safe har yamma, na san yadda aka yi gidan ya yi shiru, na kuma san wadda abin ya ƙare a kanta. Abin da idona bai gani ba su da kansu suka kawo mini daga baya, kowa ya zo shi kaɗai, kowa yana wanke kansa.

Aku ake ce wa yarinyar. Kakarta ce ta sa mata sunan, don tun ƙafarta ba ta yi ƙwari ba bakinta ya buɗe. In ta ga ƙadangare sai ta gaishe shi. In ta ga takalmi sai ta tambayi ina ɗan'uwansa. Da farko abin dariya ne, daga baya ya zama abin damuwa, don kowa a gidan yana da abin da surutu ke ɓata masa.

Abbanta a gidan burodi yake aiki, ya kwana a gaban tanda, ya dawo da safe ya ja labule mai kauri ya kwanta. Ummanta kayan yara take sayarwa ta waya. Ta mayar da falo shago, riguna a jere a kan ƙarfe, ga fitila mai zobe a tsaye, takan kunna waya ta yi ta magana kai tsaye da masu saye. Gwaggonta, ƙanwar Abba, jarrabawa ce a gabanta, kullum kanta a kan littafi. Kaka kuwa hawan jini ne da ita, ga rediyon da ba ta son a katse mata.

Saboda haka robar tsotso da aka saya wa Aku tana jaririya ba ta taɓa barin jikinta ba. An ɗaure ta da zare an maƙale a wuyan riga. Yarinya ta yi tafiya, ta yi gudu, ta haura shekara uku, roba tana lilo a ƙirjinta. Da ta buɗe baki, hannun da ya fi kusa zai ɗauka ya toshe.

Wata safiya Abba ya shigo da burodi mai ɗumi a leda, ya yago ya miƙa mata. Ta zare roba, ta sa burodin a gaban bakinta, ta datse, ta ja. Burodi ya fito yadda ya shiga, sai dai ya jiƙe. Ta sake, haka. Sai ta karkata kai ta tura shi can gefen kumatu ta yaga da haƙoran ciki.

"Ku zo ku ga cin akuya," in ji Abba. Ya yi dariya, ya yi hamma, ya shige ɗaki.

Ba wanda ya zo. Abin da ya sa aka duba bakin yarinyar, wata mai saye ce. Umma takan sa wa Aku sababbin riguna ta ɗauki hotonta, ta ce mata, "Yi dariya." Ran nan wata ta rubuta a ƙarƙashin hoton: rigar ta yi kyau, amma me ya sami haƙoran yarinyar? Wasu suka biyo baya da nasu. Umma ta ajiye waya, ta jawo Aku gaban fitila, ta ce, "Haɗa haƙoranki." Ta haɗa. Na ciki sun haɗu. Na gaba kuwa, tsakanin na sama da na ƙasa akwai rami zagayayye, daidai girman robar.

Washegari ta kai ta wurin likitar haƙori.

Likitar ta zaunar da Aku a doguwar kujera, ta duba, ta kalli zaren da ke wuyan riga.

"Yaya tsawon lokacin da take yi da ita a baki kullum?"

"Ai ba ta daɗewa, likita. Ɗan lokacin da nake aiki ne kawai."

Ba ƙarya ta yi niyya ba. Nata lokacin kaɗai ta lissafa.

"To ki saurara," in ji likita. "Bakin yaro bai gama ƙwari ba. Duk abin da ya daɗe a tsakanin haƙoransa, matsa masa suke yi ya zauna. Kin ga na sama sun turo gaba, na ƙasa sun koma ciki. Abin daɗin shi ne ba a makara ba. In an raba ta da ita yanzu, sau da yawa bakin yakan gyara kansa kafin haƙoran girma su fito. In an ci gaba, ƙashin zai ƙame a haka, sai dai a sa mata ƙarfe nan gaba, kuma har maganarta abin yana iya taɓawa."

"Za ta yi ta kuka, likita."

"Za ta yi, kuma za ta daina. Ku ba ta lokacinku, ku bar ta ta yi surutunta. Bayan wasu watanni ki dawo da ita mu gani."

Da yamma aka taru a tsakar gida. Abba ya ɗauko almakashi ya datse zaren a gaban kowa, ya fito har bakin titi ya wurga robar cikin motar shara. Na gan shi da idona. Ya koma ya tsaya a ƙofa yana cewa, "Daga yau duk wanda na ga roba a hannunsa a gidan nan, ni da shi ne."

"Da ma ni ban taɓa son abin nan ba," in ji Kaka. "Mu da me muka raine ku?"

Aku ta yi kuka kamar yadda aka faɗa, ta kuma daina kamar yadda aka faɗa. Daga nan sai bakin ya dawo. A kwanakin nan ne kaɗai na taɓa jin gidan kamar akwai mai rai a ciki. Takan zo bakin ƙofa ta riƙe ƙarfen ta leƙo.

"Baba Tsoho, me ya sa gashinka fari? Wanke shi aka yi da yawa?"

Na ce, "Haka ne."

"To ka daina wankewa, kada ya ƙare."

A ciki ma haka. Umma tana jera kaya, sai ta ji, "Umma, rigar nan ta wace yarinya ce? Tana ina? Ta san ni?" Abba ya kwanta ke nan, sai ƙofa ta buɗe. "Abba, kai me ya sa kake barci da rana? Ba ka ga an kunna ta ba?" Gwaggo tana haddace shafi, sai ga ɗan yatsa a kan rubutun. "Wannan tururuwa ce? Wa ya kashe su da yawa haka?"

Umma ce ta fara karyewa. Tana cikin nuna wata riga ga masu saye, Aku ta shigo gaban waya ta ce a gaishe da kowa, ta tambayi ko suna da kyanwa, ta ja ƙafar fitila har ta kusa faɗuwa. Da aka gama, Umma ta ja mayafi ta tafi shagon magani na ƙarshen layi. Ta sayo roba mai ruwan hoda ta sa a aljihun jakarta.

"Zo nan. Sai ina aiki kawai, kin ji? Kada ki gaya wa Abbanki. Sirrinmu ne ni da ke."

Aku ta gyaɗa kai, ta buɗe baki.

Abba bai daɗe ba ya bi sahu. Rashin barci ya sa ya ƙone faranti guda na burodi, mai gidan burodin ya yi masa tatas a gaban yara. A hanyar dawowa ya tsaya a shagon nan. Tasa shuɗiya ce, a aljihun rigar aikinsa take kwana.

"Har in yi barci kawai. Kada Ummanki ta ji. Sirrinmu ne."

Ta Gwaggo koriya, a bayan littattafai. Ta Kaka rawaya, a ƙarƙashin matashi, kuma ita sai ta tsoma a ruwan sukari kafin ta bayar.

"Karɓi, ƙawata. Su ba su san tausayi ba. Yaro da abinsa a raba shi da shi rana ɗaya? Ki yi shiru da bakinki, tsakaninmu ne."

Mai shagon magani ya sayar wa gida ɗaya roba huɗu, bai tambayi kowa ba.

Ga yadda ranar Aku ta koma. Da safe tana ɗakin Abba, a zaune a ƙasa cikin duhun labule, fanka tana juyawa, shuɗiya a baki. Shi da ya ce har ya yi barci kawai, in barcin ya ɗauke shi wa zai cire? Sai ya farka ya zare, ya goge mata baki, ya turo ta waje. Ta nufi falo. Kafin ta ce "Umma", mai ruwan hoda ta shiga. In an gama ciniki a zare, a goge baki, a ce, "Je ki wurin Kakarki." Can rediyo yana magana, rawaya tana jira a cikin kofi. Da yamma Gwaggo ta dawo daga darasi, a ce ta riƙe yarinya a yi girki, sai koriya.

A tsakanin ɗaki da ɗaki akwai wani siririn lungu. Nan kaɗai bakin Aku yake zama babu komai, kuma nan kaɗai manyan suke ganinta tare. Kowa in ya hango ta a lungun, baki wayam, sai ya ce a ransa: su sun daina, ɗan nawa ba zai yi komai ba.

Da farko takan gwada. Ta tsaya a ƙofa ta fara, "Gwaggo, yau na ga wani tsuntsu..." Ba ta kai ƙarshe. Daga baya ta daina farawa. In ta iso ƙofa sai ta buɗe baki kawai ta jira.

A bayan gidan akwai tankin ruwa a kan dakali, da ɗan wuri mai inuwa tsakaninsa da bango. Nan take kai 'yar tsanarta in an manta da ita. Gwaggo ta ce mini ta taɓa zuwa ɗibar ruwa ta same ta ta zaunar da 'yar tsanar, ta danna mata murfin kwalba a baki tana cewa, "Yi shiru, ina aiki. Kada ki gaya wa kowa." Gwaggo ta ce abin ya ba ta dariya. Ta cika bokitinta ta tafi.

Ramin bakin ya ƙara faɗi. Leɓenta na sama ya daina rufe haƙoran, in tana zaune sai ka ga baki a sake, yawu yana taruwa. In ta yi magana harshe yakan leƙo ta ramin, kalma ta fito da iska. Yaran layi ba su bar ta ba. Ranar da ta zo bakin ƙofa tana kallon wasansu, wani ya ce, "Ga mai taga." Suka kewaye ta suna cewa ta ce "sannu" su ji. Ta ce. Suka fashe da dariya, suna turo harshe suna kwaikwayonta. Na kore su da sanda, amma sun riga sun yi abin da suka zo yi.

Na ce, "Aku, yau ba a tambayar gashina?"

Ta sa tafin hannu ta rufe bakinta, ta koma ciki.

Da na ga uban zai wuce na tsayar da shi. Na ce masa bakin yarinyar nan ba gyaruwa yake yi ba, ya duba gidansa.

"Baba, ai mun raba ta da roba tuni. Ni da hannuna na jefar, kai ma shaida ne. Likita ta ce a hankali zai koma."

Yana maganar, zoben shuɗiyar yana leƙowa daga aljihun rigarsa. Na kalli aljihun, ya ga na kalla. Ya sa hannu ya dafe, ya ce ya makara, ya wuce.

A falo kuma hoto ya sauya. Da "Yi dariya" ake cewa, yanzu sai "Rufe bakinki." Da bakin ya ƙi rufuwa, Umma ta koma ɗaukar hoton daga wuya zuwa ƙasa. Daga ƙarshe ta sayo mutum-mutumin roba mai tsayin yaro, marar kai, ta riƙa sa masa rigunan. Sa riga da cire riga shi ne ɗan lokacin da hannun uwar yake daɗewa a jikin 'yarta. Shi ma ya tafi. Aku takan zauna a bayan ƙarfen kaya tana tsotso, tana kallon yadda ake gyara wa mutum-mutumi wuyan riga, ana shafa masa kafaɗa.

Da lokacin komawa ya yi, likita ta daɗe tana duba bakin. Sannan ta ajiye madubinta.

"Ba a daina ba."

"Wallahi likita, ubanta da kansa ya jefar."

"Ban ce ba a jefar ba. Na ce ba a daina ba. Ramin ya fi na da. Dasashin sama ya fara tsukewa. Ga kuma wannan." Ta nuna wasu ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa a gindin haƙoran gaba. "Wannan zaƙi ne yake kwana a wurin. Wani yana tsoma mata a sukari ko zuma."

Ta juya ga yarinyar, ta sassauta murya. "'Yan mata, wa yake ba ki roba a gida?"

Aku ta kalli uwarta, ta kalli jakar da ke kan cinyarta. Ta sa hannu a baki, ta yi magana ta bayansa.

"Sirri ne."

Umma ta ƙanƙame jaka. Likita ta ce lokaci yana ƙurewa, abin da zai gyaru da kansa ya ragu, wanda ya rage ma sai an daina yau, ba gobe ba.

A hanya Umma ta yi ta saƙa da warwara. Kunyar tata robar ba ta daɗe ba, don ta samu abin riƙewa: ita ba ta taɓa sa sukari ba. Ashe akwai wani. Kafin ta iso gida ta gama wanke kanta, ta shiga da faɗa.

Ta tara su a tsakar gida, ta faɗi abin da likita ta ce. Muryoyin har bencina.

"Wani a gidan nan yana ba yarinyar nan roba a ɓoye, har da sukari."

"To wa kike nufi?" in ji Abba. "Ni da na kafa dokar?"

"Ni dai ban kira suna ba."

"Anti, kada ki kalle ni," in ji Gwaggo. "Ni da ba na ma wuni a gida."

"Sauran ni ke nan," in ji Kaka. "Faɗi kanki tsaye, 'yar nan. Tsohuwa ce mai laifi. To bari ki ji, bakin nan gado ne. Na ga ƙanin mahaifinki ranar da suka zo, haƙoransa suna gaba yana biye."

"Haba Inna, a danginmu babu mai irin wannan baki."

"A namu ne akwai?"

"Likitocin nan ma," in ji Abba, "in ba su sami abin faɗa ba sai su ƙirƙiro. Haƙoran nono ne fa. Zubewa za su yi."

Suna cikin haka ba wanda ya lura Aku ta tashi daga bakin dakali. Ta shiga falo. Ta fito ta shiga ɗakin Abba. Ta bi lungu zuwa na Gwaggo, sannan na Kaka. Ta dawo ta riƙo gaban rigarta da hannu biyu, ta durƙusa a tsakiyarsu, ta zazzage robobi huɗu a kan tabarma. Ta jera su ɗaya bayan ɗaya, a tsanake, kamar yadda uwarta take jera kaya.

"Ta Umma. Ta Abba. Ta Gwaggo. Ta Kaka."

Ta ɗaga kai ta dube su. Ba tona asiri ta zo yi ba. Ta ga ana faɗa a kan roba ne, ta ɗauka ɓata ta yi, ta kawo wa kowa tasa don a daina.

Rawayar tana danƙo, har ƙuda ya sauka a kanta.

Abba ne ya fara samun baki. "Ni fa saboda aiki ne. In ban yi barci ba, me za ku ci?"

"Ni ma ai ba wasa nake yi a falon ba," in ji Umma.

"Ni tawa ko awa ba ta yi," in ji Gwaggo. "Kuma da na san kowa yana bayarwa, da ban bayar ba."

"Ni tausayi ne ya sa," in ji Kaka. "Ku da kuka haife ta kun ba ta, sai ni?"

Kowa ya faɗi nasa, kuma kowa gaskiya ya faɗa. Barci gaskiya ne, ciniki gaskiya ne, jarrabawa da hawan jini duk gaskiya ne. Cikin su huɗun babu wanda ya juya ya ce wa yarinyar ta yi haƙuri.

Abba ya tattara robobin ya yanka su gunduwa-gunduwa da almakashin nan, ya zuba a shara. Wannan karon bai yi jawabi a ƙofa ba. Ya dawo ya tsuguna a gaban 'yarsa.

"Shi ke nan, an daina. Yanzu yi maganarki, Aku. Faɗi duk abin da kike so, muna ji."

Su huɗu suka zuba mata ido. Ba ta taɓa ganin idanu da yawa haka a kanta ba. Ta sa hannu ta rufe baki.

"Yi magana mana, ƙawata," in ji Kaka. "Ina surutun?"

Aku ta ƙara danne bakinta da hannu.

Sai wayar Umma ta yi ƙara a falo. Ta ce, "Ina zuwa." Abba ya duba agogo ya ce in bai tafi yanzu ba ƙullun zai wuce lokacinsa. Gwaggo ta ce gobe da sassafe take da takarda. Kaka ta dafa bango ta miƙe, ta ce hayaniyar nan ta tayar mata da ciwon kai. Aku ta rage ita kaɗai a kan tabarma.

Ta daɗe a nan. Can sai ta tashi ta bi lungu, ta tsaya a ƙofar Kaka. Rediyo yana magana. Ta sauke hannunta daga baki.

"Kaka, ranar nan na ga wani tsuntsu..."

Kaka ba ta juyo ba. Hannunta ne ya tafi da kansa ƙarƙashin matashi, yana lalube. Bai sami komai ba, ya sake lalubawa.

Aku ta kalli hannun. Ba ta ƙarasa zancen tsuntsun ba. Ta juya ta fita bayan gida, ta shiga tsakanin tanki da bango, ta zauna kusa da 'yar tsanarta. Ta ɗaga babban ɗan yatsanta ta duba, ta sa a baki. Ya zauna daram a cikin ramin, kamar don shi aka yi.

Yau kusan shekara ke nan. Haƙoran suna nan yadda suke, sun ma ƙara turowa. An shafa wa yatsan abu mai ɗaci, ta lashe. An naɗe shi da tsumma, ta kwance. An yi mata tsawa, ta koma bayan tanki inda ba mai gani. Abba ya ce mini ya fara tambayar yadda ake sa ƙarfen haƙori in ta girma. Umma ta ce yarinyar ce mai taurin kai. Gwaggo ta ci jarrabawarta. Kaka har yanzu tana kan maganar gado.

Duk wanda ya zo bencina cikinsu, maganar haƙori yake yi. Ni kuwa nakan ce musu haƙori shi ne ƙaramin abin da ya karkace a gidan nan. Ƙarfe zai iya jawo haƙori ya koma wurinsa. Ban san abin da zai jawo yarinyar da ta zo ƙofa huɗu da magana a bakinta, aka toshe ta a kowace ƙofa, aka kuma ce kada ta faɗa ba. Roba ba ta da ƙafa, ba ta taɓa kai kanta bakin yaro ba. Mutum ne yake gajiya da sauraro ya miƙa hannu. Yanzu ko miƙa hannun ma an hutar da su, yarinya ta koyi toshe kanta da kanta.

Jiya na hango ta a bakin ƙofa, ta riƙe ƙarfen da hannu ɗaya, ɗayan yana baki. Na cire hulata na nuna mata kaina, na ce, "Aku, kin ga na daina wankewa, bai ƙare ba." Ta dube ni, ta dubi gashin. Na ga kamar za ta cire yatsan. Sai aka kira ta daga ciki, aka ce ta matsa daga ƙofa.

Wasu mata biyu suna wucewa a lokacin. Ɗaya ta kalli gidan ta ce wa 'yar'uwarta, "Kin ji ko motsi babu. Mutanen nan sun iya tarbiyya."